Kuɗi Kuka Biya Don Ku Tuƙa Keke?

Ranar da na gaya wa Inna a waya cewa ni da uwargida za mu tafi hutun mako guda, da rana mu tuƙa keke, da dare mu kwana cikin jirgin ruwa, shiru ta yi har na ɗauka layin ne ya yanke. Can sai ta ce, "Motar taka ce ta lalace?" Na ce lafiyarta lau, Inna, tana nan ƙofar gida. Ta ce, "To ko aikin ne suka sallame ka kake ɓoye mini?" Na ce a'a, hutu ne kawai, kuɗi ma muka biya. Ta ce, "Kuɗi kuka biya don ku tuƙa keke? Allah ya shirya. Ka dai kula da 'yar mutane, kada ka jefa musu ita a ruwa."

Ban yi dariya sosai ba, domin shekara 11 da suka wuce, lokacin da na sauka ƙasar Holan, da ni ma abin da zan tambaya ke nan. Ni ɗan Yelwan Yawuri ne. A bakin kogin Kwara na tashi, na yi karatu a Kano, yanzu ina zaune a Utrecht. A iya sanina na da, keke abin hawan wanda bai samu babur ba ne, jirgin ruwa kuma na wanda hanyar mota ba ta kai garinsu ba. A ce an haɗa su biyun an kira abin hutu, har ana biyan sama da yuro 1,000 kan kowane mutum, ai sai dai a ce Bature ya rasa abin yi da kuɗinsa.

Tsarin tafiyar ba shi da wuya. Jirgin tsohon jirgin dakon kaya ne, dogo mai shimfiɗaɗɗen gindi, wanda a zamaninsa yashi da hatsi yake ɗauka. An fitar da cikinsa an yanka ɗakuna, kowanne da gado biyu da banɗaki ɗan mitsitsi da taga da ke kusan daidai da fuskar ruwa, har agwagwa kan leƙo ka da safe. Mu 20 da 'yan kai ne fasinja. Bayan karin kumallo sai a sauke kekuna, kowa ya naɗe burodi da cuku ya sa a jaka, a kama hanya. Jirgin kuma ya bi ruwa da kayanku, ya riga ku isa garin da za a kwana. Masaukinka ne ke bin ka. Wanda ya tashi da ciwon gwiwa ko lalaci sai ya yi zamansa a saman jirgi da kofin shayi yana kallon gari na wucewa, babu mai ce masa don me. Mu daga Amstadam muka tashi muka ƙare a Brugge ta ƙasar Beljiyam, kullum tsakanin kilomita 35 zuwa 55 a kan keke.

Ranar farko a gefen kogin Vecht muka yi ta, muna wuce gidajen da attajiran Amstadam suka gina tun ƙarni na 17. Ba a ɓata a hanya, saboda kowace mahaɗar hanyar keke tana da lamba a jikin allo. Lambobin kawai za ka rubuta a takarda ka manna a kan keke, daga wannan sai wannan. Wani injiniyan haƙar ma'adinai ɗan Beljiyam, Hugo Bollen, shi ya ƙirƙiro tsarin, aka fara amfani da shi a yankin Limburg a 1995, Holan ta kwaikwaya. Ni dai abin da na fi tunawa a ranar shi ne sirdin keke, da kuma wata tsohuwa 'yar Ostireliya da ta kusa sa'ar Inna, wadda ta buga mini ƙararrawa ta wuce ni kamar ina tsaye. Daga baya na gano nata keken mai batir ne, hankalina ya ɗan kwanta.

Rana ta biyu ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mun taso daga Vianen muna bin bakin kogin Lek, muka iso Schoonhoven, inda ake fito. Jirgin fito ya matso, ya sauke bakinsa, motoci suka shiga, mu ma muka tura kekunanmu muka tsaya a gefe. Wani saurayi da na'urar karɓar kuɗi a rataye ya zagayo kowa ya biya. Ina riƙe da kan keke, injin ya yi ƙara, gaɓa ta fara ja baya, sai kawai na ga kaina ina ɗan shekara 8 a kwatar Yelwa.

Baba malamin firamare ne, kuma yana da keke, Rali baƙa mai kariya a baya. Duk ranar Juma'a da safe sai ya kifa ta, ya wanke ta da tsumma, ya bi sifoka ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga wa sarƙa mai. Ko yayana bai isa ya taɓa ƙararrawarta ba. In za mu gaishe da dangi a ƙetare, ya goya ni har kwata, mai fito ya cicciɓi Ralin ya kwantar da ita a gicciye kan kwale-kwale, taya ɗaya na lilo a saman ruwa, Baba na dafe da ita da hannu guda yana dafe da ni da ɗayan. A ƙetare a sauke ta, ya karkaɗe yashi, mu ci gaba. Kuɗin keke daban, kuɗin mutum daban. Na juya na ce wa uwargida, "Kin san wannan abin da muka biya wa yuro dubu, da sulalla Baba yake yin sa?" Ta ce, "To ka koma can ka yi mana." Na buɗe baki zan ba ta amsa na rasa.

Wannan amsar da na rasa ita nake ta juyawa tun daga ranar. Abin da na tsaya a kai shi ne, ruwa muna da shi, keke mun san shi tun kaka da kakanni, ƙasarmu ma shimfiɗaɗɗiya ce. Abin da ya faru, mun bar wa talaka kogi da keke, kuma a wurinmu duk abin da babban mutum ba ya hawa ba a gyara shi.

Duk wannan hutu na Turawa a kan kayan aiki yake tafiya, ba a haƙa ko taku ɗaya na hanyoyin ruwan nan don yawon shaƙatawa ba. Tun 1632 aka haƙa hanyar ruwa miƙaƙƙiya tsakanin Amstadam da Haarlem, doki na tafiya a gefe yana jan jirgin fasinja da igiya, da lokacin tashi da lokacin isa. Da jirgin ƙasa ya zo a 1839, a kan wannan layin dai, sai kasuwar ta fara mutuwa. Amma ba a cike ramin ba, ba a yanka turbar dokin filoti-filoti an sayar ba. Irin waɗannan turbobi da kan ganuwar tare ruwa su ne yau aka shimfiɗa wa kwalta ake bi da keke. Shi ya sa hanyar take a miƙe, babu hawa babu gangara: dokin da ke jan jirgi ba ya hawan tudu.

Kuma har gobe ruwan aiki yake yi. A babbar hanyar ruwan da ta haɗa Amstadam da kogin Rhine, wadda aka buɗe a 1952, jiragen kaya masu tsawon mita 110 ke wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ɗauke da abin da ya fi ƙarfin tirela 100. Matuƙin da iyalinsa a ciki suke zaune, da labule a taga, da ƙaramar motarsu a ɗaure a saman rufi. Namu jirgin ɗan rakiya ne a tsakaninsu.

Yammacin rana ta uku na ƙi hawa keke don in ga yadda ake wuce ƙofar ruwa, wadda suke kira sluis. Mun iso ta Volkerak kusa da Willemstad. Ɗaki ne dogo na kankare a tsakiyar ruwa, da ƙofa gaba da baya, saboda ruwan wannan gefe da na wancan ba tsayinsu ɗaya ba. Fitila ta koma kore, muka shiga a hankali bayan wani jirgin kwantena, ƙofar baya ta rufe. Yarinyar da ke aikin igiya, ba za ta wuce shekara 22 ba, ta jefa igiya ta zarga a turken ƙarfe da ke jikin bango, tana sassautawa tana ɗaurewa yayin da ruwan ke sauya tsayi a ƙarƙashinmu. Babu ihu, babu "matsa can", babu ɗan kamasho. Matuƙi ya yi magana biyu ta rediyo da wani mutum da ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ƙofar gaba ta buɗe muka fita. Ina tsaye ina tunanin madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, ita ma da irin wannan ƙofa aka gina ta don jiragen kaya su hau su wuce har wajenmu. Ni da na tashi a bakin tafkin ban taɓa ganin jirgin kaya ya iso Yelwa ta cikinta ba.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai ba matuƙi ba ne. Kafin mu kai Kinderdijk, inda injinan iska 19 suke jere tun wajajen 1740 (kuma ba don niƙa aka gina su ba, sai don kwashe ruwa daga gonaki a zubar a kogi), na tsaya shan ruwa sai na ga wani mutum cikin wandon roba har ƙirji, tsamo-tsamo a cikin lambatu, yana laluben gefen ganuwa da sanda. Na yi masa sallama da ɗan Holancin da nake ji, na tambaye shi kifi yake nema? Ya ce a'a, ɓera. Akwai wani ɓeran ruwa da ke haƙa rami a jikin ganuwa, aikinsa ke nan ya bi lambatu-lambatu yana ɗana tarko, shekara da shekaru, kuma albashi ake biyansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, su kuwa sun ɗauki mutum aikin hana bangon tsagewa.

Mai biyansa albashi hukumar ruwa ce ta yankin. Irin waɗannan hukumomi 21 ne a ƙasar, asalinsu tun ƙarni na 13, sun girmi gwamnatin kanta. Suna da zaɓensu duk shekara 4, suna da harajinsu daban. Ni ma kowace shekara takardar na iso ni, kuma duk lokacin da ta zo sai na yi tsaki. Tun da na ga mai tarkon nan na rage tsakin. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da tsayin teku, kuma a ambaliyar 1953 mutum 1,836 suka mutu. In ganuwa ta fashe, ruwa ba ya tambayar wane ne minista. Mu ma muna da Sarkin Ruwa, muna da Sarkawa da Gungawa da suka san kowane kududdufi da kowane dutse a ƙarƙashin Kwara. Ilimin yana nan a kan mutane. Abin da ba a taɓa haɗa musu da shi ba shi ne asusu da iko.

Wani abin haushi ma, 'yan Holan ɗin nan sun san Kwara. Kamfanin injiniyoyinsu NEDECO shi aka ɗauka ya auna Kwara da Binuwai a shekarun 1950, ya fitar da rahoto a 1959 kan yadda za a inganta su don sufuri. Kafin nan ma, layin dogon da ya iso Kano a 1911 daga Baro ya taso, wato daga bakin kogi, domin kogin ne babbar hanya a lokacin. A 2009 marigayi Umaru 'Yar'adua ya ƙaddamar da yashe kogin daga Warri zuwa Baro. A 2019 aka yanke ƙyallen buɗe tashar jiragen ruwa ta Baro. Akwai hukuma sukutum ta hanyoyin ruwan cikin gida mai hedikwata a Lokoja. Mun iya ƙaddamarwa ƙwarai. Mutumin da zai shiga ruwa da wandon roba ranar Talata, babu 'yan jarida, shi ne ba mu tanada ba.

Sakamakon kuwa a kan wa yake faɗawa? A watan Mayun 2021 jirgi ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, sama da mutum 100 suka salwanta, yawancinsu 'yan kasuwa da masu neman abinci. Warra ba nisa da gida, babu wanda na sani a Yelwa da bai san wani da abin ya shafa ba. A ƙarshen Nuwambar shekarar aka yi na Bagwai a jihar Kano, yara 'yan Islamiyya. Kullum dalilan su ne dai: tsohon jirgin katako, lodi fiye da kima, babura a kan mutane, tafiyar dare, kututturan itatuwa da ruwa ya shanye tun da aka cika tafki, babu rigar ceto. A je ta'aziyya, a raba rigunan ceto a gaban kyamara, a watse. Da a ce gwamna ko ɗansa kan bi wannan ruwan sau ɗaya a wata, da tuni an tumɓuke kututturan nan. A Holan yaro kan ci jarrabawar iyo tun yana ƙaramin firamare, har da faɗawa ruwa da tufafi da takalmi, don haka hatsari yake zuwa. Ni ɗan bakin kogi, a wurin abokai na koyi iyo a ɓoye, in Inna ta gane kuma in sha duka.

Na san abin da za a ce mini, don abokaina sun riga sun faɗa. Holan ƙasar sanyi ce, wa zai tuƙa keke a Sakkwato cikin watan Afrilu? Gaskiya ne, ni ma ba zan yi ba. Amma shekara ba Afrilu kaɗai ba ce, daga Nuwamba zuwa Fabrairu safiyar Arewa ta fi ta nan daɗin hawa keke nesa ba kusa ba. Su kuma nasu azabar iska ce da ruwan sama. Ranar da muka bi ta Tholen iska ta taso mana gaba da gaba, ina taka feda kamar ina tuƙa tuwon gidan biki, uwargida na bayana tana kiran sunan Allah. Za a ce Kwara na cika ta janye, ba kamar nasu ruwan da aka ɗaure da ƙofofi ba. Wannan ma gaskiya ne, jiragen da ke hawa Binuwai har Garwa ta Kamaru a da ma sai da damina suke iya kaiwa. Za a ce tsaro. Nan kam ba ni da bakin magana: hanyar da Baba ke bi da Rali shi kaɗai da almuru, yau ko da mota sai an yi tambaya kafin a bi. Ba ina cewa gobe a kawo 'yan yawon buɗe ido su zagaya tafkin Kainji a kan keke ba. Ba su ne damuwata ba. Damuwata mai kai kifi kasuwa, da ɗalibar da ke ƙetarawa makaranta.

Wanda ba na karɓa shi ne a ce ai haka Allah ya halicci Baturen Holan da keke a gindinsa. A shekarun 1960 su ma mota suka sa gaba, suna rusa unguwanni suna faɗaɗa tituna. A 1971 mutum kusan 3,300 suka mutu a haɗarin hanya, sama da 400 yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga da taken a daina kisan yara. Sai ga matsalar man fetur ta 1973, har gwamnati ta hana fita da mota ranakun Lahadi na ɗan lokaci. Daga nan aka juya akala, a hankali, gari bayan gari. Yau kekuna sun fi mutanen ƙasar yawa, tashar jirgin ƙasa ta Utrecht kaɗai tana da wurin ajiye keke 12,500. Doka ma ta tsaya wa mai keke: in mota ta buge shi, mai motar ne ke ɗaukar aƙalla rabin asarar, in kuwa yaro ne ɗan ƙasa da shekara 14, kusan kullum duka. A Utrecht ɗin nan akwai wani yanki na tsohon ruwan da ya kewaye gari da suka cike a shekarun 1970 suka yi babban titi a kai. Suka dawo suka fasa titin, suka sake haƙa ramin, a 2020 ruwa ya koma mazauninsa. Duk lokacin da na bi ta wurin sai na tuna Jakara da aka lulluɓe da kankare don titin Wuju-Wuju, da kududdufan Kano da ake cikewa ana gini, sannan damina ta zo a yi ta mamakin inda ambaliya ta fito. Ban manta warin Jakara ba, na zauna kusa da ita. Amma ba ruwan ne ya zuba wa kansa shara ba.

Mu ma mun samu irin wannan dama, har sau uku. Da aka hana babur a Maiduguri a 2011, gari ya cika da kekuna, malamai da ma'aikata da 'yan kasuwa. Da aka hana acaɓa a Kano a 2013, haka. Da aka cire tallafin mai a 2023, mutane suka zaro tsofaffin kekuna daga sito. Ko mita ɗaya ta hanyar keke ban ji an ware musu ba a inda na sani. Gadojin sama dai ake ta yi, waɗanda mai keke ke tsoron hawa. Kuma shi kansa mai keken kallon jarrabawa yake wa abin, yana addu'ar Allah ya yaye masa. Saurayi ya je zance a kan keke, ƙannen yarinya ma sai sun yi masa waƙa. A 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya ce 'yan Najeriya su rungumi keke, ya hau da kansa zai tafi taron majalisar zartarwa a Abuja, bas ta hankaɗa shi cikin kwalbati. Ƙasa gaba ɗaya ta yi ta dariya, magana ta mutu. Babu wanda ya tambayi dalilin da ya sa babu inda mai keke zai bi a birnin da aka zana daga farko a kan takarda. A nan kuwa Mark Rutte ya shekara kusan 14 yana firaminista ana ganinsa kan keke zuwa ofis, ranar da ya miƙa mulki a 2024 ma a kan keke ya bar wurin. Wasu na cewa burga ce ta siyasa. To ko burgar ce, a duba irin abin da ake burga da shi a can da irin wanda ake yi da shi a wurinmu.

A Antwerp ta ƙasar Beljiyam abin ya zame mini abin dariya. Mun shigo ta gefen tashar jiragen ruwa, kilomita bayan kilomita na kwantena, sai ga fili cike da tsofaffin motoci a jere suna jiran jirgi. Na ce wa uwargida, "Ga 'yan Beljiyam tun ba su zama 'yan Beljiyam ba." Daga wannan tasha ake loda da yawa daga cikinsu zuwa Kwatano da Legas, su ƙarasa hannunmu a yi walima a yi addu'a. Masu ƙasar kuma ga su nan suna wuce mu a kan keke da jakar ofis. Washegari muka sauka ƙarƙashin kogin Scheldt ta wani rami da aka buɗe a 1933 don masu ƙafa da masu keke kawai, matakalarsa mai tafiya da kanta ta katako ce, tun ta asali, har yau tana aiki tana ƙara ƙwaras-ƙwaras.

Kada a ɗauka komai ya yi mini. Tsakanin Dendermonde da Gent tayata ta baya ta yi faci, jagoranmu ya yi gaba da sauran. Na tsaya a gefen ruwa ƙarƙashin dogayen itatuwa, wuri kamar hoton kalanda. Masu keke sun fi 30 da suka wuce ni, kowa ya ɗan ɗaga gira ya yi gaba. Mutum ɗaya ne ya rage gudu ya tambaya ko ina da kayan gyara, na ce e, ya ce madalla, ya tafi. A gida da ba zan tura keken nan taku 200 ba sai na samu mai faci a gindin dalbejiya da kwanon ruwansa da famfonsa, ya zare tub ya nutsa a ruwa yana neman inda ke kumfa, ya tambaye ni daga ina, ɗan gidan wa, kafin ya gama mun gano kakarsa da tawa 'yan gari ɗaya ne. Mai shayi na gefe, wani ya matsa mini a benci. Nan kuwa na durƙusa ni kaɗai, hannu duk baƙin mai, uwargida na riƙe mini waya ina kallon yadda ake cire tayar baya. Hanya lafiyayya, amma ba kowa a bakinta.

Abincin ma sai haƙuri. Ƙarfe 6 daidai ake zama cin na dare, rana tsaka a ganina, don a watan Yuni sai wajen ƙarfe 10 take faɗuwa. Mai girki ya yi mana kirki, tun da muka ce ba ma cin alade ya riƙa yi mana kifi da kayan lambu, amma burodi da cuku mai sanyi kwana 7 a jere ya sa na yi mafarkin ƙosai. Yajin da uwargida ta ƙullo shi ya cece mu, har Ba'amurken da ke teburinmu ya roƙa, ya sha ruwa kofi uku. Salla kuma sai ka duba alƙibla a waya, ka tayar, jirgi ya sha kwana. Sannan mu kaɗai ne baƙaƙe a jirgin, mu ne kuma mafi ƙarancin shekaru. Hutu ne na waɗanda suka yi ritaya da fansho mai kauri. Ma'aikacin da ke share jirgin ba zai iya biyan kuɗin ɗakin da yake sharewa ba. Sai dai shi ma in ya tashi aiki, hanyar keken nan da muka biya kuɗi muka zo gani ita zai bi zuwa gida kyauta, kuma ba ya fargabar tirela.

Ranar ƙarshe muka shiga Brugge, muka ɗan zarce ta gefen hanyar ruwan Damme, wadda aka fara haƙawa bisa umarnin Napoleon, muka dawo muka miƙa kekuna. Gwiwoyina na rawa, sirdi ya gama da ni. Da daddare na kira Yaya a Yelwa, bayan gaisuwa na ce, "Yaya, wai ina Ralin Baba?" Ya ce, "Wace Rali?" Na ce baƙar nan mai kariya. Ya yi ɗan tunani ya ce ai ta daɗe a rataye a zaure bayan rasuwarsa, yara sun cire ƙararrawar, daga baya masu sayen gwangwan suka zo aka haɗa musu da tsohuwar tukunya. Ya ce, "Me za ka yi da ita? In abin hawa kake so ka ajiye a gida, ka turo kuɗi in nema maka babur mai kyau." Ina jin muryar Inna daga nesa tana cewa a tambaye ni ko 'yar mutane ta fito daga ruwan lafiya.